Ni na nuna musu inda za su haƙa rijiyar, kuma ban ga komai ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, don girman Allah ka ɓoye sunana, idan 'yan garinmu suka gane ni ko masallaci ba zan iya shiga ba. Ku yi haƙuri da rubutuna, aji uku na yi a firamare na gudu, da yatsa ɗaya nake danna wayar nan. Don Allah ku ba ni shawara, kuma kafin ranar Asabar nake buƙatarta.

Ni dattijo ne, na haura sittin, a wani ƙauye nake tsakanin Roni da Kazaure. Sana'ata haƙar rijiya, wurin kawuna na koya, duk da yanzu gwiwa ta hana ni shiga rami. Shi ya koya min duba ƙasa, inda ɓaure ya yi ƙiba, inda surin gara yake da danshi a tsakiyar bazara, inda ciyawa take daɗewa ba ta bushe ba. Babu wani sirri a ciki, ido ne da daɗewa a sana'a.

To wata shekara an kira ni wani ƙauye wajen Gwiwa, tun ina kan babur na hango wurin da ya dace. Amma da na ga mutane sun taru sun zuba min ido, sai shaƙiyancina ya motsa. Na cire takalmi, na rufe ido, na fara tafiya ina karkarwa kamar mai masassara, na je daidai wurin na zube ƙasa. Wallahi dariya nake nema. Ba wanda ya yi dariya, wata tsohuwa ma kabbara ta yi. Aka haƙa, a zurfin gaba bakwai ruwa ya ɓullo. Kafin na dawo gida labari ya riga ni, wai ina ganin ruwa a ƙarƙashin ƙasa kamar yadda ake ganinsa a ƙwarya. Maimakon na ce wasa nake, sai na gyara hula.

Shekara kusan ashirin ina wannan rawa. Abin da zai ba ku mamaki, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba na nuna wuri aka haƙa aka tarar da dutse, amma ba a taɓa cewa ni na yi kuskure ba. Su da kansu suke nemo min uzuri, wai aljanu sun janye ruwan, wai wani ya shiga ramin ba tsarki. Rijiyar da ta yi ruwa ana ta ba da labarinta a kasuwa, wadda ta bushe a cike ta da ƙasa a manta. Na taɓa haɗuwa da wani a Ɓaɓura, mutumin Nijar, shi ma ana cewa yana da irin wannan baiwa, shi da sanda yake yi. Muka zauna shan shayi, na ce bari dai yau na ji daga bakin mai abin gaskiya. Ya dube ni, ya duba hagu da dama, ya ce "Malam, kai ma ɓauren kake dubawa?" Har shayi ya sarƙe ni. Tun ranar nake shakkar ko akwai mai ganin nan a duniya. Idan akwai, ni dai ban gamu da shi ba.

Mai ɗakina ta daɗe da gano ni. Duk ranar da na dawo da ƙura a riga sai ta ce "Sannu mai gani, to gano min inda ka jefar da carbinka." Liman ma ya taɓa jan hannuna ya ce gaibu na Allah ne shi kaɗai, na ce ai Allah gafarta malam ni ma ban san yadda abin yake zo min ba. Ko a nan ƙarya na yi masa.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Bana rijiyar unguwarmu ta ƙafe, mata suna tafiya mai nisa da jarka. Kwamitin gari ya kawo wani injiniya, matashi ne ɗan Kazaure, da na'urarsa mai wayoyi da ake cakawa a ƙasa. Ya auna, ya ce a haƙa a gangaren gabas. Jama'a, gaskiya ya faɗa, ni ma da an tambaye ni tsakani da Allah can zan nuna, ɓaure uku ne a jere a wurin. Amma wani ya ce a bari Baba ya duba tukuna, sai injiniyan ya yi murmushi ya ce "Baba, a yi haƙuri, wannan ai camfi ne." A gaban mutane. Na cire takalmi, na rufe ido, na yi karkarwar da ban taɓa yin irinta ba, na bar gabas na nufi yamma, na zube a kan tudun bayan gidana. Har na ce a raina, idan an dace mai ɗakina ta huta da tafiya. Kun ji hankalin ɗan shekara sittin.

Mutane suka bi ni suka bar na'ura. Injiniyan ya roƙe su, ya ce wurin nan dutse ne shimfiɗe, wani ya ce masa tun yana yaro Baba yake ganin ruwa. Ya naɗe wayoyinsa ya tafi ko abincin da aka kawo masa bai ci ba.

Yau sati biyar ana gayya a wurin. An wuce marmara, an kai gaba tara, an ci karo da dutsen da ya faɗa. Mai shiga ramin Haruna ne, ɗan aminina Sale, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ni na koya masa riƙon diga. Shekaranjiya wani ɓangare ya zabto daga gefe ya same shi a kafaɗa, aka jawo shi da igiya yana haki. Sale ya zo ya same ni a ƙofar gida, maimakon ya zage ni sai ya ce "Kai tsohon banza, ka ƙara dubo mana mana, ko idon naka ya fara hazo ne?" Yana dariya, ni ma na yi. Harunan kuma ya tsuguna a gabana, hannu a ɗaure da ƙyalle, ya ce "Baba, saura gaba nawa?" Allah Ya yafe min, na ce biyu.

Saboda wannan biyun sun yanke shawara ranar Asabar za su tara itace a ƙasan ramin su cinna wuta, in dutsen ya yi zafi a kwara ruwa ya tsage, sannan Haruna ya sauka ya fasa. Na san wannan aikin, na yi shi. Wuta tana sa bangon rami ya saki, kuma hayaƙi yana kwanciya a ƙasa ba a ganinsa. Na taɓa riƙe igiyar wanda aka fito da shi bai san inda yake ba.

Mai ɗakina ta ce in ban faɗa ba ita za ta faɗa, kuma ba ta yi min magana ba tun jiya. Wata zuciyar tana ce min na sake karkarwa na ce ruwan ya koma gabas, kowa ya tsira, ni ma na tsira da mutuncina. To amma ƙarya ce a kan ƙarya, kuma gobe wani garin zai sake kirana. Wata zuciyar ta ce na tashi bayan sallar Juma'a na faɗa wa kowa cewa ban taɓa ganin komai ba, na nemi gafarar injiniyan, mutanen da suka yi sati biyar suna jan guga a rana su yi min duk abin da za su yi.

Ko ta yaya Haruna ba zai shiga ramin nan ba, wannan na ɗaukar wa Allah alkawari. Abin da na kasa shi ne ta ina zan fara. Na fara samun Sale shi kaɗai, ko liman, ko na tsaya gaban jama'a gaba ɗaya? Masu zagi ku zaga, na ci. Amma in kun gama, ku gaya min da wane baki zan kalli Haruna na ce masa babu biyun.