Ku gyara asansar, Iya Sokha za ta dawo

Zuwa ga Shugabar gidan tarihin da ya baje kolin sassaƙen Khmer na ƙasar Kambodiya a Paris,

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Sunana Hadiza, 'yar Damagaram, ina zaune a Minguettes, kudancin Lyon.

Ni Musulma ce, ba ni da haɗi da gumaka. Haƙƙin maƙwabtaka ne ya kawo ni gidanku. Iya Sokha 'yar Kambodiya ce, yaƙi ya koro ta tun tana budurwa, kuma ita ta riƙe mini yara duk shekarun da nake fita aikin asuba. Yanzu a keken guragu take. Da ta ji an fito da allolin ƙasarsu mata, na dutse, ta roƙe ni in kai ta. Muka hau jirgin ƙasa.

Na farko, mun tarar asansar, wato na'urar hawa bene, ta lalace, ga ɗakin Khmer a bene. Kafin mu taso sai da na buga waya, aka ce mini mai keke zai shiga ko'ina.

Na biyu, ba wanda ya ce mata ko sannu sai mai gadi. Shi ya tura ta gaban sassaƙe ɗaya tilo da ke ƙasa: mace, ba kai, hannuwa a karye, an zana zaninta a dutse har da ninkinsa. Iya ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce haka mahaifiyarta ke ɗaura zani, haɓar ta zubo ta gaba, kuma ba ta da hoton mahaifiyar ko ɗaya. Na ɗauka kuka za ta yi, sai ta yi dariya, ta ce ko ƙugun iri ɗaya ne.

Ban zo da faɗa ba, na ga kun riƙe duwatsun nan da daraja. Roƙona ku gyara asansar, in ta sake lalacewa ku faɗi gaskiya a waya. In da hali ku ara wa Lyon ko biyu daga cikin sassaƙen, akwai tsofaffi irinta da ba za su iya tafiyar ba. Amma ku hanzarta, Iya ta haura tamanin, kuma ta rantse sai ta ga na bene, masu fuska.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya ba ki ikon yi.

Wassalam,
Hadiza, Minguettes.