Rubutun Inna a Bayan Agogon Baba

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya tare da maigidanki da yara, zan rubuta abin da idona ya gani kawai, domin ba na so fushi ya sa in ƙara ko kalma ɗaya.

Ranar Talata na biya shagon mai gyaran agogo in karɓo agogon Baba, wanda Auta ya ce ya kai a wanke masa ciki. Na tarar da Auta a tsaye, ga wani dillalin tsofaffin agoguna a kan benci. An riga an cire murfin bayan agogon, an goge shi da inji, yana ƙyalli kamar sabon cokali. Rubutun Inna, "Ka dawo da wuri", babu shi. Babu abin da ya rage.

Kin tuna cewa da hannunta ta rubuta shi sa'ad da ta koyi rubutu a ajin manya, mai sassaƙa ya bi karkatattun haruffanta a kan ƙarfen. Kin kuma san tun da idanun Baba suka tafi, da babban yatsa yake karanta shi kowace safiya.

Na tambayi Auta dalili. Ya ce, "Haba Yaya Dogo! Dillali ya ce rubutu yana karya darajar agogo, masu tara su ba sa son saƙon wani a jikin kayansu. Baba fa ba ya ganin lokaci. In na sayar, zan saya masa agogo mai magana, ragowar kuɗin in zuba a shagona."

Dillalin ya karɓi murfin, ya juya shi, ya ce, "Cewa na yi rubutu yana rage daraja, ban ce a goge ba. Wanda inji ya ci, wa zai saya?" Ya saɓa jakarsa ya fita.

An mayar da murfin, agogon yana aljihuna. Baba ya tambaye ni sau biyu, na ce yana wurina, wanda gaskiya ne. Ina jiran shawararki.

Ƙaninki,
Dogo

*

Dogo,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake. Kana tsaye yaron nan yana faɗa maka wannan shirmen, kai kuma kana auna kalmomi? Da ni ce, da sai masu shagunan layin sun taru sun ɓamɓare shi daga hannuna. Agogo mai magana! Ya saya wa kansa hankali mai magana tukuna.

Ka saurare ni. Ka nemi mai sassaƙa ya mayar da rubutun, a ɗan karkata haruffan kamar yadda suke. Baba ba zai gane ba. Tsoho ne, ga hawan jini. Kada ka kashe mana uba da wannan gaskiyar taka ta 'yan jami'a. Auta kuma ka bar ni da shi, ina nan zuwa.

Ka gaida matarka.
Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ban bi umarninki ba, kuma ba raini ba ne. Babu wata takarda mai rubutun Inna a gidan da za a kwaikwaya. Yatsan da ya shekara yana bin haruffan nan ba zai ruɗu da hannun baƙo ba. In na yi haka, Auta ya goge, ni na ƙara da ƙarya.

Jiya da safe na sa Auta a gaba har ɗakin Baba, na sa shi ya miƙa agogon da hannunsa. Baba ya juya shi, ya shafa, ya sake shafawa. Ya ce, "Ina rubutun uwarku?"

Auta ya fara bayanin dillali da daraja. Baba ya katse shi: "Shi dillalin ya san ta?"

"A'a, Baba."

"Kai fa?"

Daga nan Baba ya ce wa Auta ya fita, kada ya sake shiga ɗakin sai an kira shi. Na kawo likita, ya auna jinin Baba. Ya hau, amma ya sauka kafin yamma. Agogon yana hannunsa, ya hana kowa taɓawa, har ni. Auta yana zaune a bakin ƙofa. Ban ce masa ya tashi ba, ban kuma roƙa masa gafara ba.

Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Dogo

Gyara ɗaya: na rubuta miki cewa babu abin da ya rage, wannan kuskure ne. Baba ya gano rabin harafin ƙarshe a gefen murfin, inda injin bai kai ba. Na sa tabarau na duba. Yana nan.