Kwamfutar Baban Hadiza

Daren Laraba, ƙarshen Janairu, Thamesmead

Yau na kunna kwamfutar marigayi maigidana zan cike harajin shagon ɗinkina, sai manhajar ta ce ta daina aiki a tsofaffin kwamfutoci. Na rungume ta a bas har Peckham. Mai gyara ya dudduba ya ce, "Hajiya, lafiyarta ƙalau, kamfanin manhajar ne ya yi dropping ɗinta, ya daina kula da irinta. Ki sayi sabuwa kawai."

Wai kawai. A kanta Baban Hadiza ya koya mini aikin nan yana kwance yana jinya, don kada in roƙi kowa a bayansa. Ga wa'adi ya matso. Gobe dole in kira ƙaninsa Sani, akanta, wanda tun ranar addu'ar bakwai bai sake tako flat ɗin nan ba.