Na sayar wa dattijo injinsa, ya tsine wa ɗansa

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Roƙona ɗaya, ku kai ƙarshe kafin ku zage ni, domin zaginku ba zai kai wanda nake yi wa kaina ba.

Ni mai gyaran injin ban-ruwa ne a Jega. Na yi difloma a kan injuna, na yi yawo da takardu har takalmina ya cinye, kowane ofis na shiga sai a ce wa ya turo ka? Babu wanda ya turo ni sai yunwa. Da na gaji na kafa rumfa a bakin hanya, manoman albasa na Aliero da ƙauyukan Maiyama suna kawo mini gyara. Da rani a samu na cefane, damina na faɗuwa kasuwa ta mutu, ga mata ga yara ga haya. A irin wannan zaman ne wani da ake kira Digiri ya fara zuwa wurina. Da gaske yana da digirin, a sakandare ma shi yake koya mana lissafi, yanzu kuwa shi ne uban matasan da ke kwana a tasha, masu shan maganin tari suna jiran abin da ba ya zuwa. Yaransa suna bin fadamu, su ɗauko inji su rufe da buhun albasa, su shigo da shi da rana tsaka cikin hayaniyar kasuwa. Ni kuma in canza tanki, in shafa fenti, ya koma na hannu. Na farko na ce sau ɗaya ne. Na biyu na ce ai ko ban saya ba wani zai saya. Daga nan ban ƙara ce wa kaina komai ba.

Ina da wani tsohon mai kawo mini gyara daga Karaye ta Maiyama, zan kira shi Baba Ummaru. Mutum ne da ba ya zuwa hannu sake, ko albasa ce sai ya ƙullo mini. Bara ƙafar injinsa ta karye, ɗansa Bashar ya kawo shi, na yi masa walda da guntun rodi. Bashar ya gama sakandare, ba kuɗin ci gaba, ba aiki, sai ya koma taya uban ban-ruwa, amma ransa yana wajen neman aikin ɗamara. Duk wanda ya san fadama ya san ba a barin inji ya kwana a gona, da yamma ake ɗauke shi a kai gida, kuma wannan aikin Bashar ne. Ranar da aka ce ana tantance masu neman aiki, sai ya tura injin cikin bukka ya rufe da kara, ya yi sauri don kada mota ta bar shi. Aikin bai samu ba. Injin kuma washegari yana rumfata, yaran Digiri sun kawo. Ina juya shi na ga waldata. Wa zai kasa gane aikin hannunsa? Na gane, na ɗauko jan fenti.

Ba a jima ba Baba Ummaru ya zo, ya zauna a kan bencina kamar wanda ya dawo daga jana'iza. Dashensa ya fara kwanciya don ƙishirwa, ya sayar da san nomansa yana neman inji na hannu.

Ya ce, "Injiniya, ba injin ad damuwata ba. Ɗan cikina na yac ci amanata."

Ashe kafin tafiyar Bashar sun yi cacar baki a kan kuɗin mota, har yaron ya ce cikin fushi ko injin ne a sayar a ba shi. Wannan maganar uban ya riƙe. A ƙofar masallaci, gaban jama'a, ya ce ya yafe shi, ya yi masa baki, ya ce kada ya ƙara taka masa gida. Yaron ya rantse har ya gaji. Uwarsa ta yi kuka, ba wanda ya saurare ta.

Jama'a, injin yana bayana a lokacin, fentin ma bai gama bushewa ba. Kalma ɗaya zan faɗa in wanke yaron nan. Me ya hana ni? Tsoro da son rai, ba wani abu ba. Na tuna 'yan banga, na tuna surukaina, na tuna yadda ake ce mini Injiniya a unguwa. Kuma abin da ya fi muni, shi kaɗai ne injin da nake da shi na sayarwa. Na ja igiya ya tashi. Dattijon ya karkata kai yana saurare.

Ya ce, "Ikon Allah. Wanga kukanai awa na wancan da anka ɗauke."

Na ce, "Baba, ai kamfaninsu guda."

Ya biya, ya sa mini albarka, ya ce da ɗansa ya yi hali irin nawa da ya huta. Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

To ina yaron da aka kora zai nufa? Ba sana'a, ba takardar da ake dubawa, dangi kowa yana gudun wanda uba ya yi wa baki. Jega ya shigo. Na gan shi yana neman dako a kasuwa, masu kaya suka hana shi, don labari ya riga shi isowa. Ya zo rumfata ma ya ce in koya masa gyara, na ce ba wuri, alhali ganin fuskarsa ne ba na iyawa. Wuri ɗaya ne ba a tambayar mutum tarihinsa, wato tasha, wajen Digiri. Cikin 'yan watanni idon yaron ya canza, leɓensa ya yi baƙi, aka fara ambatonsa a ƙwacen waya. Ina jin mutane a majalisa suna cewa yaran yanzu ba tarbiyya, wani ya ce rashin aiki ne, wani ya ce makarantu ne suka mutu, ni ma in gyaɗa kai in tofa nawa. Duk gaskiya ne, ni shaida ne a kan rashin aiki. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da ba rumfa irin tawa, ina za su kai injin?

Shekaranjiya da hantsi sai ga Bashar a kan babur, da buhu a baya. Ya sauke a gabana ya buɗe. Jan injin nan ne. Wani daga cikin yaran Digiri ne ya yi masa alfahari da injin Karaye da suka taɓa kawo mini, bai san ɗan gidan yake gaya wa ba. Shi ne ya je fadamar ubansa ya ɗauko, lokacin da tsohon ya tafi sallar azahar, kwana ɗaya kafin ya kawo mini. Ya kifa shi, ya sa ƙusa ya kankare fentin ƙafar, waldata ta fito.

Ya ce, "Oga, ni ka ɗaukar shi a kahwaɗa kullum. Don an shahwa mai ja sai in kasa gane shi?"

Na fara laluben aljihu don in ba shi kuɗi, kunyar wannan ma ba za ta bar ni ba.

Ya ce, "Ba saidawa niz zo yi ba. Ka ɗauke shi ka kai mai da hannunka, ka hwaɗa mai wa yaɗ ɗauka na farko. Ba ni son komi, bakinai nika so ya janye tun yana da rai." Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, ya hau babur ya tafi.

Yanzu injin yana rumfata a ƙarƙashin buhu. Albasar Baba Ummaru tana bushewa karo na biyu, kuma an ga Bashar a fadamar, don haka duk Karaye sun ce ai dama mun faɗa. Digiri ya ji ƙishin-ƙishin, ya aiko mini cewa ya san makarantar da 'ya'yana suke zuwa. Matata ba ta san komai ba, tana zaton zazzaɓi ne ya hana ni cin abinci. In na je na faɗa, na tona kaina, na tona Digiri, ban san abin da zai biyo baya ba. In na aika da injin a ɓoye, albasa za ta sha ruwa, amma tsinuwar tana nan a kan yaron da bai ɗauki komai ba sai da na mayar da shi ɓarawo.

Ɗazu dattijon ya kira ni a waya. Ya ce gobe zai shigo Jega, in taimaka in nemo masa wani na hannu, domin a garin nan ni kaɗai ya yarda da ni.

Don girman Allah, ku gaya mini, me zan yi?