Sunan Yaya a Saman Allo

Daren Talata, tsakiyar damina, Dogon Dutsi

Shegen wasan nan da nake haɗawa ya tashi yau, bayan sati uku ina zagin ordinatar ɗin marigayi yaya Hamidu, wato kwamfutarsa. Ba hoto, haruffa ne zalla. Ni ne A, ina tsintar ɗigo, D tana bina. Doguwa na sa mata suna. Inna ta leƙo ta ce, "Kai Bashiru, ba a kiran wannan sunan da dare." Na ce, "Haba Inna, harafi ne fa!"

Sai na ƙara layukan umarnin da ke riƙe sunan wanda ya fi maki, mutum ɗaya tak, yadda na kwafo daga kayen karatun yaya, wato littafin rubutunsa. Ina kunnawa sai ga shi a saman allo: HAMIDU 41.

Na san abin da ya adana tun yana raye ne wasan ya tono. Na sani! Amma bai taɓa gaya mini ya gama haɗa nasa wasan ba, kuma har yanzu tsigar jikina ba ta kwanta ba.

Na buga har na kai 40. In na wuce shi, sunana zai goge nasa. Na ɗauke yatsuna, ina kallo D ta taho a hankali ta cinye ni.