Taku Talatin Daga Rijiya

Kankiya, daren Litinin, 9 ga watan Rajab

Malam lafiya lau, Inna ma ƙafar ta yi sauƙi. 'Yarmu Binta ce dai zawon nan bai sake ta ba, yau kwana huɗu.

Da hantsi mai motar Kusada ya kawo takardar ɗanmu Sani daga jami'a. Ni na karanta da kaina, da yatsa, ban kira kowa ba. Ya ce a karatunsu na injiniyan ruwa da tsabtar gari an nuna musu ƙazantar masai tana bi ta ƙarƙashin ƙasa ta shiga rijiya. Wai kada a haƙa sabon masan da za mu yi sai an ba rijiya taku talatin. Ga shi Malam ya riga ya shata wuri dab da ita.

Da na karanta masa, ya ce, "Wato na kai yaro Zariya ya koyo mini inda ake tsuguno?" Ni kuwa zawon Binta na tuna, da ruwan rijiyar da take sha.

Bayan la'asar na leƙo, sai ga shi ya tattare riga yana taku daga bakin rijiya, yana ƙirgawa a hankali. Na talatin ya faɗa tsakiyar madafata! Ni kuwa da na gwada, tun a turken awaki nawa ya cika.

Gobe zan rubuta wa Sani: takun wa yake nufi, na babansa ko nawa? Ya amsa kafin Juma'a, don ran Asabar mahaƙa za su zo.