Ƙashin Layya

Litinin, 12 ga Mayu, 2025

"Kafin azumi za a canja gawayin tankin, Adda, ki sa a ranki an yi." Maganar ƙanena Ɗalha ke nan, shugaban kwamitin ruwan unguwarmu. Azumi ya wuce, ƙaramar salla ta wuce. Yau Rhoda, ma'aikaciyar lafiya, ta auna ruwan famfon. Fulorayid, sinadarin da ke ɓata haƙora, ya dawo yadda yake kafin a sa matatar gawayi a tankin.

Alhamis, 15 ga Mayu

Yazid, jikana, ya koyi rufe baki da hannu in zai yi dariya. Haƙoransa kamar na tsohon maci goro. Nasa ya riga ya faru. Na karanta cewa tabon fulorayid yana kama haƙori tun yana cikin dasashi, kuma ba ya fita. Ƙanwarsa Naja'atu shekararta huɗu. Nata suna ciki, ana gina su da wannan ruwan.

Talata, 20 ga Mayu

Na sa an buɗe tankin. Ashe an canja. Da gawayin itace! Gawayin ƙashi ne ke riƙe fulorayid, na itace sai dai ya gyara ɗanɗano. Ɗalha ya ce dattawa ne suka hana, wai wa ya san ƙashin da ake kawowa, na mushe ne ko na jaki, kuma da ruwan ake alwala. Ya rasa yadda zai yi, ya zuba wanda ba mai gardama a kansa. Ya ce ai duk baƙi ne.

Na ce, "Tukunya ma baƙa ce, Ɗalha. Sa ta a tankin."

Laraba, 21 ga Mayu

Na gaya masa na bar kwamitin. Su sha.

Asabar, 24 ga Mayu

Tambayar dattawan ta hana ni sakat. Ni ma ban san ƙashin mene ne ba. Haushina shi ne an tambaya, ba a nemi amsa ba.

Lahadi, 1 ga Yuni

Babbar salla Juma'a. Kowane ƙashi a garin nan ranar an san wanda ya yanka, an ji bisimillarsa. Rhoda ta ce a tafasa a cire maiƙo, a shanya, a ƙona a rufaffiyar ganga, a daka, ita za ta auna ruwan. Liman ya ce in na layya ne ba shi da ta cewa.

Na ba Ɗalha zuwa Alhamis ya sa a yi shela kada a zubar da ƙashi. In bai yi ba, ranar salla da la'asar zan ɗauki buhu in bi gida-gida, da sabon leshina.

Ban koma kwamitin ba. Gangar ƙona ƙashin kawai na aro a wurinsu.